Bangon Riguna a Saminaka: Tarihin Ƙwallon Najeriya Cikin Gilashi

Idan aka ce Saminaka, hankalin yawancin mutane kan tafi ga ta Ƙaramar Hukumar Lere ne, wadda ke kan hanyar Jos. Amma akwai wata Saminakar a yammacin Jihar Kaduna, cikin ƙasar Birnin Gwari. Mai zuwa wannan yanki daga Kaduna zai fita ta Mando, ya wuce Buruku da Udawa, tafiyar sama da kilomita 100 kafin ya shiga garin Birnin Gwari. Ƙasa ce ta noma, ta masara da dawa da shinkafa, kuma a nan Gandun Dajin Kamuku yake, wanda gwamnatin tarayya ta mayar gandun daji na ƙasa a 1999.

Shekaru da dama ba a jin sunan wannan yanki a rediyo sai da labarin 'yan bindiga. Hanya ta yi wuyar bi, gonaki sun koma saura, ƙauyuka da yawa sun watse. A watan Nuwamba na 2024 ne aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari bayan ta daɗe a rufe, motoci suka ƙaru a kan hanya. Wannan ne ya ba ni damar kai ziyara wajen dangin mahaifiyata a lokacin hutun jami'a. Abin da na samo muku daga can ba labarin daji ba ne, labarin wani bango ne.

Gidan kallon da ya zama ɗakin tarihi

Gidan kallon ƙwallo ne irin wanda kowa ya sani: rufin kwano, bencina a jere, talabijin biyu a gaba, janareta a bayan ɗaki, da allon da ake rubuta wasannin rana da alli a bakin ƙofa. Abin da ya bambanta shi da sauran shi ne bangonsa na dama. An jera firam bakwai na katako, kowanne da gilashi, kowanne da rigar ƙwallo a shimfiɗe a ciki, a ƙarƙashinta kuma an liƙa 'yar takarda mai ɗauke da shekara da taƙaitaccen bayani.

Mai wurin dattijo ne da ya yi aiki a wata masaƙa a Kakuri da ke Kaduna, har zuwa lokacin da aikin ya tsaya ya dawo gida. Da na gaishe shi na ce, “Baba, waɗannan na sayarwa ne?” sai ya yi dariya ya ce, “Yaro, ai ba a sayar da littafin da ake karantarwa da shi. Fara daga hagu.” Tun kafin in tambaya ya gaya mini cewa babu rigar da wani ɗan wasan Najeriya ya taɓa sawa a cikinsu. Wasu a kasuwa ya saya, wasu a gwanjo ya tsinta, biyu kuma tela ya ba hoto ya ɗinka masa.

Daga ja zuwa kore

Riga ta farko ja ce, kuma a nan yawancin yara ke yin turus. Me ya haɗa Najeriya da ja? Amsar tana cikin zamanin mulkin mallaka. Tawagar farko da ta wakilci ƙasar nan ta je Ingila ne a 1949, da yawa daga cikin 'yan wasanta ma ba takalmi suka buga, kuma a kan hanyarsu ta dawowa suka doke Saliyo da ci 2-0 a Firitawun. A shekarun da suka biyo baya, kafin samun 'yanci, jajayen riguna tawagar ke sawa, har ake kiranta Red Devils. Da aka sami mulkin kai a 1960, aka ɗaga tuta mai kore da fari wadda wani ɗalibi, Michael Taiwo Akinkunmi, ya zana, sai rigar ma ta bi tuta, suna ya koma Green Eagles. Ke nan sauyin launin ba ado ba ne, shaida ce cewa ƙasa ta zama ta masu ita.

Ta biyu koriya ce marar kwalliya, irin ta zamanin 1980, da lamba ƙatuwa a baya ba tare da sunan kowa ba. A ranar 22 ga Maris na wannan shekarar ne Najeriya ta ci Kofin Nahiyar Afirka karo na farko, ta lallasa Aljeriya da ci 3-0 a Legas. Segun Odegbami ya ci biyu, Muda Lawal ya ci ɗaya, Shugaba Shehu Shagari ya miƙa wa kyaftin Christian Chukwu kofin. Sunan Super Eagles da muka sani yau bai zo ba sai bayan gasar da aka yi a Maroko a 1988.

Rigunan 'yan Kaduna

A gaban firam na uku da na huɗu Baba ya fi daɗewa, kuma ya cancanta. Na uku rigar 1994 ce, ɗinkin kamfanin Adidas, koriya mai farin zane a kewayen wuya da kafaɗa. A wannan shekarar Najeriya ta ci kofin Afirka a Tunisiya, ta doke Zambiya 2-1, sannan ta je Gasar Kofin Duniya karo na farko a Amurka. A wasanta na farko, a birnin Dallas, ta ci Bulgeriya 3-0. Wanda ya zura ƙwallon farko, ya kama raga yana kuwwa don murna, shi ne Rashidi Yekini mai lamba 9. A Kaduna aka haife shi, kuma a ƙungiyar masaƙar UNTL ya fara wasa. Ya zama gwarzon ɗan ƙwallon Afirka a 1993, ya ci wa Najeriya ƙwallo 37, ya rasu a 2012. A gasar 1994 ɗin ne kuma aka fara rubuta sunayen 'yan wasa a bayan riguna a Kofin Duniya, abin da yanzu muke gani kamar dama can haka yake.

Na huɗu rigar gasar Olamfik ce ta Atlanta a 1996, ɗinkin Nike: kore a gefe da gefe, fari ya ratsa tsakiya, kamar an ɗauki tuta an yi mata hannu da wuya. Da ita aka doke Brazil 4-3 a wasan kusa da na ƙarshe, bayan Najeriya tana baya da ci 3-1, Nwankwo Kanu ya rama ya kuma ci ta nasara. A wasan ƙarshe, ranar 3 ga Agusta, aka ci Ajantina 3-2 aka ɗauki zinare. Ku lura da wannan, 'yan uwana ɗalibai: ƙwallo biyu cikin ukun nan 'yan Kaduna ne suka ci, wato Celestine Babayaro da Daniel Amokachi, kafin Emmanuel Amunike ya rufe. Tijjani Babangida da Garba Lawal, su ma haifaffun Kaduna, suna cikin tawagar. Amokachi kuwa daga ƙungiyar Ranchers Bees ta Kaduna ya fito. Yaran da suka taso suna buga ƙwallo a filayen jiharmu ne suka tsaya a gaban duniya da wannan riga.

Daga auduga zuwa roba

Da yake Baba tsohon ma'aikacin masaƙa ne, bai bar ni na wuce ba sai da ya nuna mini abin da ido kaɗai ba ya kamawa. Rigunan da, auduga ce. Auduga tana shan gumi ta riƙe shi, riga ta yi nauyi ta manne wa jiki, idan ruwan sama ya sauka kuma abin ya ƙara muni. Na yanzu da zaren roba ake saƙa su, irin wanda ake samu daga sinadaran man fetur. Zaren ba ya shan ruwa, sai ya tura gumin waje ya bushe da wuri, shi ya sa rigar ba ta nauyi. Lamba da tambari ma da ɗinka su ake yi, yanzu da zafi ake manna su.

Sai dai wannan ci gaban yana da ɗaci a bakinsa. Masaƙar Kaduna ta farko ta fara aiki a 1957, kuma akwai lokacin da Kakuri ke cika da dubban ma'aikata a duk canjin aiki, audugar manoman Arewa kuma tana da mai saye a gida. Yau yawancin masaƙun sun yi shiru, kuma rigunan da muke saye a kasuwa daga ƙasashen Asiya ake shigo da su. “Garin da ya ba Najeriya Yekini daga masaƙa,” in ji shi, “yau rigar Yekini sai an kawo masa daga waje.”

Firam na biyar rigar 2018 ce, wadda da yawanku kun sani: kore mai haske da fari a zane-zane kamar gashin gaggafa, hannuwa baƙi da fari. Ranar da Nike ta fitar da ita, mutane sun yi dogon layi a Landan, kuma nan da nan ta ƙare. Da ita Ahmed Musa ya ci Iceland ƙwallo biyu a birnin Volgograd na Rasha ranar 22 ga Yuni, 2018. Kusa da ita akwai rigar ƙungiyar da ya buga wa wasa, Kano Pillars, mai ruwan ɗorawa da kore. An kafa Sai Masu Gida a 1990, sun ci gasar lig ta Najeriya a 2008, 2012, 2013 da 2014, kuma a filin wasa na Ahmadu Bello da ke Kaduna suka ɗauki kofin ƙalubale a 2019 bayan sun doke Niger Tornadoes a bugun fenariti.

Yadda wasu ke adana nasu

A wasu ƙasashe an daɗe da gane cewa tsohuwar riga ba tsumma ba ce. Amurkawa suna da nasu nau'in ƙwallon, wanda ake runguma a hannu a ruga da shi, ana sanye da hular kwano da matashin kafaɗa. Tun 1963 suka buɗe gidan tarihinsa a garin Canton na jihar Ohio, inda ake ajiye riguna da huluna tun daga na fata zuwa na zamani, mai ziyara ya ga yadda kayan wasan suka yi ta sauyawa. Magoya baya kuma kan sa rigunan ƙungiyarsu a firam su rataye a falo.

A ƙwallon ƙafa ma haka ne. Rigar da Diego Maradona ya sa a wasan Ajantina da Ingila a 1986, ɗan wasan Ingila Steve Hodge ne ya karɓa a musayar riga bayan an tashi. Ta yi shekaru a gidan tarihin ƙwallo na Manchester, sannan a 2022 aka yi gwanjonta a kan fam miliyan 7.1. Ba yadin aka saya ba, labarin da ke jikinsa aka saya. Kuma labarin bai ɓata ba ne saboda an san wa ya sa ta, a wace rana, a wane wasa.

Riga ta bakwai

Ta ƙarshe ba ta da tambarin kowane kamfani. Shuɗiya ce da ta koɗe, ɗinkin telan gari, an yanko lamba daga farin ƙyalle an ɗinka a baya. Rigar ƙungiyar samarin yankin ce, waɗanda a da suke zuwa ƙauyukan maƙwabta buga gasar bayan Sallah. Da tsaro ya taɓarɓare, zuwa wani gari buga wasa ya gagara, ƙungiyar ta watse. Wasu sun koma Kaduna, wasu Funtua, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Takardar da ke ƙarƙashin wannan riga ta fi sauran tsawo, domin Baba ya rubuta sunayen duk waɗanda suka taɓa buga wa ƙungiyar, har da masu zaman benci.

Wannan ce kaɗai riga ta asali a bangon, kuma ita ce wadda ba za a iya maye gurbinta ba. Labarin Atlanta yana cikin littattafai da intanet, ko gara ta cinye firam na huɗu ba zai ɓace ba. Amma idan wannan shuɗiyar ta lalace, babu wani wuri a duniya da zai shaida cewa an taɓa yin wannan ƙungiya. Na ga wani yaro ɗan ajin ƙaramar sakandare ya ja abokinsa ya nuna masa sunan yayansa a jikin takardar. A daidai lokacin kuwa ana nuna wasan Firimiyar Ingila, rabin ɗakin sanye da rigunan Chelsea da Arsenal.

Babu laifi a so ƙungiyoyin Turai, ni ma ina da tawa. Amma mu tambayi kanmu: ina rigar da makarantarmu ta sa a gasar da ta ci shekara goma da suka wuce? A yawancin makarantu amsar ita ce an yi tsumman goge allo da ita, ko tana cikin buhu a sito ɓeraye na sha'ani.

Abin da za ku iya yi a makarantarku

Aikin ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Ku haɗu da malamin wasanni ku nemi riga ɗaya daga kowane tsohon saiti, har da na gasar gidaje. A wanke ta da ruwan sanyi, a shanya a inuwa har ta bushe sarai, domin danshi ke kawo fumfuna. Kada a ɗora dutsen guga a kan lamba ko tambarin roba, narkewa zai yi. A shimfiɗa ta a kan kwali mai kauri, a kama ta da zare da allura, ba da gam ko ƙusa ba, saboda gam yana ɓata yadi, ƙusa kuma tana tsatsa. Kafinta zai haɗa firam, idan gilashi ya yi tsada farar leda mai kauri ta isa. A rataye a bangon da rana ba ta duka, kuma ba ya jiƙa da damina.

Mafi muhimmanci shi ne takardar. A rubuta shekara, sunan gasa, sakamakon wasa, sunayen 'yan wasa da na malamin da ya horar da su. Idan akwai abin da ba a tuna ba, a je wajen tsofaffin ɗalibai da masu gadi da malaman da suka daɗe, tun suna nan. 'Yan aji shida da ke shirin fita bana za su iya farawa da rigarsu, su miƙa wa shugaban makaranta ranar yaye ɗalibai, su bar wa 'yan aji biyar wurin rataye tasu a baɗi.