Albam ɗin da ya sa na nemi taimako a babi na huɗu

Jama'a, ku yi haƙuri da tsawon rubutun nan, ya daɗe yana cina.

Abokin ɗakina a hostal ɗan Inugu ne, kuma irin kiɗan da yake ji ban taɓa jin wani yana saurara ba a duk makarantar nan. Wani dare an ɗauke wuta, ni kuma sufabaiza ya dawo min da babi na huɗu karo na uku, duk ya sha jan biro. Ya ga na yi tagumi, sai ya miƙo min iyafis ɗinsa ya ce in ji wannan daga farko har ƙarshe, kar in tsallake ko ɗaya.

The Human Equation ne, na Ayreon, wanda ya fito a 2004. Na ɗauka ƙungiya ce, ashe mutum ɗaya ne, Arjen Lucassen ɗan ƙasar Holan. Shi ke tsara labari da kiɗa, sai ya gayyato mawaƙa daga ƙungiyoyi daban-daban ya raba musu matsayi kamar a fim. Salon shi ake kira progressive rock: waƙa ta yi tsawo, tana cikin sanyi da sarewa sai ta rikiɗe ta koma rugugin jita.

Labarin wani mutum ne da ya yi haɗarin mota ya kwana ashirin bai farfaɗo ba, kowace waƙa rana ɗaya. Matarsa da amininsa na bakin gado, a cikin kansa kuma ana ta gardama. James LaBrie na Dream Theater shi ne majinyacin, Mikael Åkerfeldt na Opeth shi ne Tsoro, Devin Townsend Fushi, Heather Findlay Soyayya. Murya goma sha ɗaya gaba ɗaya. Wadda ta fito a matar, Marcela Bovio 'yar Meziko, ta hanyar gasa aka zaɓe ta, ba wata fitacciya ba ce a lokacin. Na san akwai masu cewa me ya kai ka jin kiɗan Turawa, to na ji, mu ajiye wannan tukuna.

Abin da ya tsaya min shi ne mai albam ɗin bai ba kansa babban matsayi ba. Aminin ya ɗauka, ya bar wa wanda ya fi shi murya jan ragamar.

Akwai kuma wanda ya fito a Girman Kai, wallahi kamar da ni yake. Tun farkon zango wata 'yar ajinmu Bayarabiya, gwana a SPSS, ta ce in kawo bayanaina mu duba tare. Sau biyu ina cewa na gode, na kusa gamawa. Gaskiyar ita ce ban so a ce ɗan Arewa bai iya lissafi ba. Ku da kuke karatu a nan kudu kun san wannan nauyin, kuskurenka ɗaya sai ka ji kamar ka ja wa jiharku duka. Alhali in na ƙara zango, Baba ne zai sake neman kuɗin makaranta, ga ƙannena biyu a jami'a.

Da safe na buga mata waya. Cikin minti arba'in ta gano na shigar da amsoshin tambayoyi shida a juye, inda ya kamata 5 na sa 1. Wata biyu ina fama da wannan! Ta yi dariya ta ce ita ma hakan ta taɓa faruwa da ita.

An sa min ranar difens a wata mai zuwa, ku sa ni a addu'a. Sunanta na shafin godiya, ƙasa da na Baba da Inna. Shi kuwa ɗan Inugu ya ce ba zai yafe ba in bai ga sunan Arjen a ciki ba, har yanzu muna ciniki.