Baƙauyen da Ya Koya wa Birni Dariya: Tunawa da Rabilu Musa Ɗanlasan

Ranar Laraba, 10 ga watan Disamba na shekarar 2014, Allah ya karɓi ran Rabilu Musa Ɗanlasan, wanda duniyar Hausa ta fi sani da Ibro, bayan jinyar ciwon ƙoda. An haife shi a shekarar 1971, ke nan bai wuce shekara arba'in da uku a duniya ba. Jaridu da gidajen rediyo sun yi juyayin rasuwarsa a matsayin rashin babban tauraron finafinan Kano, kuma sun yi gaskiya. Sai dai akwai waɗansu masu makokin da ba a ji muryarsu a labarai ba, wato manoman ƙauyukan da suka kewaye birnin Kano, daga Warawa da Gezawa har zuwa Minjibir da Dawakin Tofa da Bichi da Ɗambatta. Su a wurinsu ɗan gida ne ya tafi, wanda ya ɗauki maganarsu da tafiyarsu da irin wayonsu ya kai su inda ba su taɓa zaton za su kai ba. Ba za a fahimci Ibro yadda ya kamata ba sai an mayar da shi cikin wannan karkara, an dube shi a matsayin ɗan wasan dandali, kuma malamin da ya yaye almajirai ba tare da ya buɗe makaranta ba.

Ƙauyen Ɗanlasan, wanda ya ari sunansa, yana cikin ƙaramar hukumar Warawa, kusa da Wudil. Yanki ne daga cikin ƙasar noman da masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya fara nazari tun a shekarun 1960, saboda yawan jama'arta da kuma yadda take ciyar da su. A wannan ƙasa ba a barin gona ta huta. Kowace damina sai an shuka gero da dawa, a ratsa su da wake da gyaɗa, a ciyar da ƙasa da takin dabbobi da wanda jakuna suke ɗaukowa daga bololin birni. Gidaje a warwatse suke cikin gonaki, ƙarƙashin ɗorawa da kuka da tsamiya da gawo, ta yadda da wuya mutum ya yi tafiyar rabin sa'a bai ji sallamar wani ba. Gonakin kuwa ƙanana ne, domin gado yana ta rarraba su. Saboda haka idan aka yi girbi, aka ɗaure dammuna, sai maza da yawa su nufi birni cin rani: wannan dako, wannan ga-ruwa, wancan yankan farce ko tallan rake.

A nan ne ɗan cin rani yake haɗuwa da sunan da birni ya tanadar masa, wato baƙauye. Adabin bakan Hausa cike yake da labaran baƙauye da ɗan birni, kuma a mafi yawansu baƙauyen ne ake yi wa wayo, a raba shi da ɗan abin da ya zo da shi, a bi shi da dariya. Ibro ya tarar da wannan tsohon tauraro a ajiye, ya ɗauke shi ya sa masa jar hula, amma ya sauya wa labarin alƙibla. Baƙauyen Ibro yakan shigo da wauta a fuska da lissafi a ciki. Yakan yi kamar bai gane ba domin ya ja mai kuɗi ko ɗan boko ko ɗan sanda ya faɗi abin da yake ɓoyewa. Sau da yawa asirinsa kan tonu a ƙarshe, ya sha duka ko ya ranta a na kare, amma kafin nan ya riga ya kunyata wanda ya raina shi. Ɗan birni yana kallo yana dariyar ƙauyanci, ɗan ƙauye kuma yana kallon abu ɗaya yana dariyar yadda aka ci ɗan birni da buguzum. Wasa guda ya ɗauki dariya iri biyu, kuma kowane ɓangare ya tashi yana ganin shi aka yi wa wasan.

Wannan gwaninta tana da asali. Karkarar Kano ta daɗe da dandalinta tun kafin zuwan majigi da talabijin. Akwai tashe da ake farawa idan azumi ya kai kwana goma, inda yara da samari suke shigar tsofaffi da malamai da bokaye, su bi gida-gida suna kwaikwayon halayen manya. Akwai kalankuwa ta bayan kaka, inda samarin ƙauye suke naɗa sarkinsu da alƙalinsu, su kwaikwayi mulki a gaban masu mulkin. Akwai 'yan kama, masu juya karatun malamai su mayar da shi zancen tuwo da miya. Akwai kuma barkwancin da al'ada ta halatta tsakanin Kanawa da Zazzagawa, ko Fulani da Barebari, ko tsakanin jika da kaka, wanda yake ba mutum damar faɗar magana mai ɗaci ba tare da an riƙe shi ba. Duk waɗannan wasanni sun yi tarayya a kan abu uku: ba a rubuta su, ɗan wasa yana karanta fuskar 'yan kallo ne ya san inda zai karkata, kuma raha ita ce rigar da gaskiya take sawa kafin ta shiga gaban manya. Wanda ya kalli Ibro da idon nazari zai ga waɗannan abubuwa uku a kusan kowace fitowa tasa.

Bayan firamare a ƙauyensu, Rabilu ya yi makarantar horon malamai ta Wudil, sannan a farkon shekarun 1990 ya shiga aikin gidan yari, ya yi shekaru yana gandiroba kafin ya ajiye kaki ya rungumi wasa. Lokacin ya dace da haihuwar finafinan bidiyo na Hausa, waɗanda ake ƙirga farkonsu daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a shekarar 1990. Da sana'ar ta bunƙasa sai ta rabu gida biyu. Gida ɗaya na finafinan soyayya ne masu waƙa da rawa irin ta Indiya, cikin manyan gidaje da motoci. Ɗayan kuma shi ne aka laƙaba wa suna camama, sunan da tun asali na raini ne: fim mai arha, wanda ake ɗauka cikin 'yan kwanaki, a ƙauye ko a bayan gari, da tufafin da kowa ya saba gani. Ibro shi ne sarkin wannan gida, har sunansa ya zama jarin fim, aka riƙa liƙa shi a gaban take domin kaset ya shiga kasuwa. Ko da yake kyamara ce ta yaɗa shi, tsarin aikinsa na wasan daɓe ne. Akan tsara ƙashin labari, a faɗa wa kowa matsayinsa, sauran magana kuma ta fito nan take daga bakin 'yan wasa. Shi ya sa idan ya hau dandali a gaban jama'a lokacin bukukuwan salla, babu abin da yake raguwa daga gwanintarsa, sai ma ƙaruwa.

Da wannan baƙauye nasa ya tunkari duniya. A Ibro Awilo ya kwaikwayi mawaƙin nan na Kwango, Awilo Longomba. Bayan harin 11 ga Satumba na 2001 a Amurka ya fito a Ibro Usama, sannan da aka shiga yaƙin Iraƙi ya yi Ibro Saddam. Manazarta irin su Abdalla Uba Adamu da Matthias Krings sun tattauna waɗannan finafinai a matsayin misalin yadda Bahaushe yake ɗauko abin da ya gani a kafafen watsa labarai na duniya ya sake ƙera shi. Abin da ya kamata a ƙara a kai shi ne, dabarar tsohuwa ce, irin ta kalankuwa. Yadda saurayin ƙauye yake naɗa rawanin tsumma ya zama sarki na kwana ɗaya, haka Ibro yake manna gemu ya zama mutumin da manyan ƙasashe suke nema ruwa a jallo. Mai kallo a Kunci ko Tsanyawa, wanda labarin yaƙin ya zo masa ta rediyo kamar tatsuniya, sai ga shi an kawo masa shi ƙofar gida, da harshensa, a girman da zai iya yi masa dariya.

Raha irin wannan ba ta rasa farashi. A shekarar 2008, lokacin da Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ta tsananta wa masu sana'ar, kotun tafi-da-gidanka ta yanke masa ɗaurin wata biyu a kan fim ɗin Ibro Aloko. Tsohon gandiroba sai ga shi ya koma gidan yari a matsayin ɗaurarre. Ko mene ne ra'ayin mutum game da hukuncin, ya nuna wani sauyi da ya cancanci nazari. Ɗan kama da ɗan tashe suna da kariyar al'ada, domin kowa ya san lokacinsu da iyakarsu. Da wasan ya bar dandali ya shiga kaset, ya zama ana kallonsa kowane lokaci a kowane ɗaki, sai waccan kariya ta faɗi, doka ta maye gurbinta.

Fuskarsa ta malanta ita ce aka fi mantawa. Ibro bai taɓa zama ɗan wasa shi kaɗai ba. Kullum a cikin ayari yake. Masu kallo sun san shi tare da Kulu da Yautai, sannan da irin su Bosho da Daushe da Baba Ari da Naburaska. Tsarin ayarin irin na maƙera ne ko na makaɗan gargajiya: yaro yakan fara da riƙe kaya da zuwa aike, ya tsaya gefe yana kallo, wata rana a ba shi magana ɗaya, idan ya iya a ƙara masa. Darasin da ake koya a nan ba ya cikin littafi. Akwai sanin lokacin da za a yi shiru a bar dariya ta sauka, da sanin yadda za a miƙa wa abokin wasa magana ya dunƙula ta ya dawo da ita, da sanin iyakar da zolaya take komawa cin mutunci. Babban ɗan wasa yana iya cinye fage shi kaɗai, ya bar na ƙasa da shi a matsayin ginshiƙai. Yawan waɗanda suka yi suna a gefen Ibro, har suka ci gaba da cin abinci da sana'ar bayan ransa, shaida ce cewa yana matsawa ya ba wani wuri.

Ƙauna ba za ta hana a faɗi inda aikinsa ya yi rauni ba. Gaggawar kasuwa ta sa ya fito a finafinai masu yawan gaske, waɗansunsu maimaici ne kawai. Akwai wuraren da kwaikwayon wata ƙabila ko mai wata lalura ya zarce barkwanci ya koma izgili. Tarke na gaskiya zai auna waɗannan duka. Amma kafin a yi tarke sai an ɗauki abin da muhimmanci, kuma a nan ne nazarin Hausa yake da bashi a wuyansa. Darussan wasan kwaikwayo a jami'o'i sun ginu ne a kan rubutattun wasanni, irin su Wasan Marafa na Abubakar Tunau, da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, da Uwar Gulma na Mohammed Sada, da Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina. Waɗannan sun cancanci matsayinsu. Sai dai ma'aunin da aka saba da shi, na jigo da zubi da tsari da salo, an yanka shi ne daidai jikin matanin da yake kan takarda. Gwanintar da take zaune a cikin murya da kallo da ɗan jinkirin da ke tsakanin tambaya da amsa takan zube ta ƙasan wannan ma'auni, sai a ɗauka babu ita.

Lokaci kuma ba ya jira. Yawancin ayyukan Ibro sun fito ne a kaset da faifan CD, waɗanda aka yi ta sayarwa a kasuwar Ƙofar Wambai, kuma wannan kasuwa ta finafinai ta mutu. Kaset yana cin kansa, faifai yana karcewa. Abin da ya tsira a YouTube gutsattsari ne, sau da yawa babu shekara, babu sunan mai shiryawa, wani lokaci ma an sauya masa take. Wasannin da ya yi a dandali kuwa sai a ƙwaƙwalwar waɗanda suka halarta. Abokan aikinsa da almajiransa su ne kundin da ya rage, su ma kuma shekaru suna tafiya da su. Aikin da ke gaban sassan Hausa a bayyane yake: a tattara finafinan a adana su da cikakken bayani, a zauna da 'yan ayarinsa a naɗi yadda ake ƙulla fitowa tun daga ƙashin labari har zuwa ɗauka, a rubuta zantukan wasu fitattun fitowa yadda suka fito da karin harshensu, sannan a je ƙauyuka a tambayi 'yan kallo abin da yake ba su dariya da dalilinsa. Hausawa sun ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Manomin karkarar Kano ya san cewa gonar da ake nomawa kowace shekara ba ta rayuwa sai an mayar mata da wani abu. Rabilu Musa ya ɗebo daga dandalin ƙauye, ya kuma mayar masa da ninkin abin da ya ɗebo, domin ya sa ɗan cin rani ya ga kansa a allo yana cin nasara, ko da ta ɗan lokaci ce. Saura manazarta su mayar da nasu kason. Allah ya jiƙansa da rahama, ya yafe masa kurakuransa, ya sa dariyar da ya sanya a zukatan bayinsa ta zame masa nauyi a mizani.