Malamin da ya ƙidaya itatuwa daga sama

Akwai wani ilimi da ake koyo a jami'a, ilimin duba ƙasa daga sama. Jirgin sama ko tauraron ɗan Adam ke ɗauko hoto. Malami ya zauna ya karanta shi kamar allo: nan gona, nan burtali, nan rairayi ya ci ƙasa.

Gray Tappan, mutumin Amurka, wannan aikin ya yi shekara da shekaru, kuma Afirka ta Yamma ya fi dubawa. Bayan farin 1973 da na 1984, masana da yawa sun fid da rai. Suna cewa hamada na tahowa, icce ya ƙare a Nijar.

Sai ya ɗauko hotuna biyu na Galma, cikin jihar Tawa. Ɗaya na 1975, ɗaya na 2003. A hoton, kowane baƙin ɗigo icce ne. Na farko fili ne fetal, ɗigo nan da can. Na biyu kuwa ɗigo ya cika gonaki.

Malamin bai tsaya ga hoto ba. Ya zo ya taka gonakin da ƙafarsa, tare da masu bincike ƴan Nijar, suka tambayi manoma. Ashe ba dashe aka yi ba. Manoma ne suka daina sare tohon kututture lokacin sassabe. Su zaɓi masu ƙarfi, su rage sauran, su bar su su girma. Shi ne sassabin zamani, wanda ya bazu daga Maraɗi tun wajen 1984.

Da aka yi lissafi, a 2009 aka bayyana cewa wajen hekta miliyan 5 sun farfaɗo, da itatuwa kamar miliyan 200. A ƙasar Damagaram gawo ya fi yawa. Gawo na kaɗe ganye da damina, ba ya tare wa hatsi rana, ga taki, ga abincin bisashe da rani.

To, ƴan uwa manoma, aikinku ne malamin ya karanta. Tun 1974 akwai cibiyar AGRHYMET a Yamai, inda ake koyar da irin wannan aikin. Yaron da kuka bari ya ci gaba da karatu, wata rana shi zai karanta hoton gonar ubansa. Ku bar masa iccen da zai ƙidaya.