Kawuna da Yaƙin Bama

Kawuna, yayan mahaifiyata, ya yi yaƙin Bama. Mun taso mun same shi yana gadi a wani shagon sayen gyaɗa a Zariya, dogon mutum mai ƙarancin magana, da wani fili a tsakiyar kansa inda gashi ba ya tsirowa. Mu yara mun ɗauka sanƙo ne. Inna ce ta gaya mana cewa wurin gammo ne, domin dako ya yi wa sojojin Ingila a dazuzzukan Bama, akwatin harsashi a ka, adda a hannu, babu bindiga.

Da na shiga sakandare, malamin tarihi ya jera mana Yaƙin Duniya na Biyu a allo. Jamus ta afka wa Poland ranar 1 ga Satumba 1939. Faransa ta faɗi a Yunin 1940. Hitila ya juya kan Rasha a Yunin 1941, Japan ta kai wa Amurka hari a Pearl Harbor a Disamban wannan shekara. Sai wuraren da reshe ya juye da mujiya: El Alamein a hamadar Masar a ƙarshen 1942, Stalingrad inda rundunar Jamus ta miƙa wuya a Fabrairun 1943, da saukar sojojin ƙawance a Normandy ranar 6 ga Yuni 1944. Duk mun haddace, kuma ban raina ko ɗaya ba, musamman Stalingrad, inda aka karya ƙashin bayan Hitila. Amma akwai ranar da ta samu layi ɗaya tak a littafinmu, alhali ita ce ta shigo har cikin gidajenmu: 15 ga Fabrairu 1942, ranar da Singafo ta faɗa hannun Japan.

Ba wai kafin nan yaƙin bai taɓa mu ba. Da Faransa ta faɗi, Nijar ta kasance ƙarƙashin gwamnatin Vichy mai biyayya ga Jamus, sai iyakar Katsina da Maraɗi ta zama iyakar abokan gaba, fatake suka ji a jikinsu. Chadi kuwa, gwamnanta Félix Éboué ya bi Janar de Gaulle a Agustan 1940, wannan ya buɗe hanyar sama: ana harhaɗa jiragen yaƙi a Takoradi, su biyo ta Ikko, Kano, Maiduguri, Fort Lamy da Khartoum har Alƙahira. Dubban jirage sun bi ta kan Kano haka, kuma da su aka yi yaƙin hamadar Masar. Sojojin Nijeriya ma sun riga sun gwabza da Italiya, su ne suka shiga Mogadishu a Fabrairun 1941, suka nausa Habasha. Labaran nan duk Gaskiya Ta Fi Kwabo tana kawowa, mai karatu ɗaya ya karanta wa zaure guda.

Faɗuwar Singafo daban ce. Sojoji wajen dubu 80 na ɓangaren Ingila aka kama a can. Malaya ta tafi da kuzarta da robarta, wata guda bayan haka Rangoon ta bi, Japan ta tsaya a ƙofar Indiya. Ingila ta waiga neman kuza, idonta ya faɗa kan Jos. Daga 1942 zuwa 1944 aka yi abin da iyayenmu ke kira ɗiban gwamna: a aiko wa hakimi adadi, hakimi ya raba wa dagatai, dagaci ya shiga gida gida yana ƙirga majiya ƙarfi. Dubun dubatar manoma aka kwasa zuwa ramukan kuza, cikin sanyin tsaunin Jos da ba su saba da shi ba, ga ƙarancin abinci, ga ciwon haƙarƙari. Da yawa ba su komo ba. Har na girma, in tsofaffin matan gidanmu suna hirar zamanin, ba Hitila suke fara ambata ba, ɗiban gwamna suke ambata, da tsadar gishiri da kananzir da akoko.

Wannan ne ya kai Kawu soja. Dagacin ƙauyensu ya sa sunansa cikin masu tafiya Jos, shi kuwa ya ga yadda waɗanda suka fara zuwa suka dawo, sai ya sulale da dare ya shigo Zariya ya kai kansa bariki. Ya taɓa ce min, “Ɗan nan, na ga in mutuwa ce, gara ta same ni da kaki a jikina da abinci a cikina.”

Manyan hafsoshin Ingila, Janar Giffard a gaba, sun yi imani cewa baƙar fata ɗan kurmi ne, zai iya da dajin Bama. Wannan zato yana ba ni haushi har yau. Mutumin Katsina ko Sakkwato ko Borno, wanda ya tashi a fili yana hango raƙumi tun daga nesa, ina ya san kurmin da rana ba ta ratsawa? Amma a kan wannan zaton aka kafa Runduna ta 81 a 1943, da ta 82 bayanta, daga Nijeriya, Gold Coast, Saliyo da Gambiya. Kawu yana cikin ta 81. Daga Ikko suka shiga jirgin ruwa, suka zagaya ƙarshen Afirka ta Kudu zuwa Bombay, jirgin ƙasa ya ratsa da su Indiya, suka ƙare a kwarin kogin Kaladan a yankin Arakan.

Babu hanyar mota a wurin. Da adda da diga da shebur suka sare hanya mai tsawon mil 75 cikin duwatsu. Inda ƙaramar mota ta gaza, inda alfadari ma ya gaza, sai kan mutum. Shi ya sa aka ɗauki dubban 'yan dako irin Kawu, sojoji ne a takarda, amma makaminsu gammo. Suna ɗaukar harsashi, sassan igwa, akwatin waya, magani, da masu rauni a kan makara. Abinci daga sama yake zuwa, domin rundunar tasu gaba ɗaya jirage ke ciyar da ita. Ya ce in sun share fili sun kunna hayaƙi, sai jirgi ya zagayo ya saki kaya da lema, amma buhunan shinkafa haka ake wurgo su ba lema, kuma wanda buhu ya faɗo wa sai dai a yi masa sutura.

Ba ya son maganar harbi. Abin da yake maimaitawa shi ne ruwa da matsattsaku. Damina a can ba ta san ɗaukewa ba, takalmi ya ruɓe a ƙafa, zazzaɓi da atini su kayar da mutane fiye da harsashi. Matsattsaku kuwa ta cikin ramin igiyar takalmi suke shiga, ba ka ji ba, sai ka cire safa ka ga jini. In ka fizge, kan ya tsaya a ciki ya zama gyambo, don haka sai a ɗora masa wutar taba ko gishiri ya saki da kansa. Yakan naɗe wando ya nuna mana tabban a ƙwaurinsa, baƙaƙe, ƙanana, sun fi a ƙirga. Wani abu da ya sanyaya masa rai shi ne samun Musulmi a ƙauyukan Arakan. Ya ce ba sa jin yaren juna, amma in ya yi sallama ana amsawa, har wani tsoho ya taɓa ba shi ƙwai da shinkafa, ya ƙi karɓar ko sisi.

A watan Maris 1944 Japanawa suka yi musu kwanton ɓauna kusa da Kyauktaw, suka tilasta musu ja da baya. A daidai lokacin ne babban gumurzun ya ɓarke can arewa, a Imphal da Kohima, inda Japan ta yi yunƙurin kutsawa Indiya. Aka yi wata da watanni ana fafatawa, har zuwa Yuli Japanawa suka janye cikin yunwa da cuta, bayan asarar dubun dubatar mutane. Daga nan ba su sake ɗagowa a Bama ba. Bataliyoyi uku na Nijeriya a wannan shekara suna can bayan layin abokan gaba tare da dakarun Chindit na Janar Wingate. Su Kawu suka sake gangarawa Kaladan bayan damina, suka haɗu da Runduna ta 82, aka ƙwace tsohon birnin Myohaung a Janairun 1945.

Sai bayan an jefa bamabamai a Hiroshima da Nagasaki a Agustan 1945, da jiran jirgi na watanni, aka fara maido su gida. Kawu ya dawo da akwatin ƙarfe, a ciki akwai takardar sallama da lambar Tauraron Bama, mai tsini shida, ƙyallenta ja a tsakiya da shuɗi da ruwan lemo a gefe. Kuɗin sallamar bai kai ko kusa da na Baturen da suka sha ruwan sama ɗaya ba, aikin da aka yi musu alkawari kuma ya ƙare a gadi da masinja. A Accra, da tsofaffin sojoji suka yi maci don neman haƙƙinsu ranar 28 ga Fabrairu 1948, harbi aka yi, uku suka mutu. Kawu bai yi maci ba, ya riƙe gadinsa har ƙarfinsa ya ƙare. Allah ya jiƙansa.

Sunayen wuraren da suka sha wuya, har da na dakarun Chindit, suna nan a kan allunan barikokinmu: Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Chindit a Zariya, Letmauk a Ibadan, Arakan da Myohaung da Dodan a Legas. Kullum muna wucewa ta gabansu. Mai karatu, in akwai irin wannan akwatin ƙarfe a ɗakin kakarka, ka buɗe shi tun gara ba ta riga ka ba. Ka ɗauki hoton takardar, ka rubuta sunan mai ita da lambarsa da rundunarsa, ka karanta wa 'ya'yanka, sannan ku yi masa addu'a.