Lambatun Kakuri

Mu mutanen ƙasar Daura ba mu saba da ruwa mai gudu ba sai da damina. Da zarar kaka ta wuce, rafukanmu sun koma rairayi, sai a dogara ga rijiya, kuma ai ko tarihin garin namu a bakin rijiya ya rataya, wato Kusugu. Wataƙila shi ya sa da kawuna ya ɗauke ni hutu zuwa Kaduna a 1991, ina ɗan shekara goma sha ɗaya, babu abin da ya ɗauke mini hankali irin wani lambatu da ke bayan masaƙun Kakuri. Rani da damina yana gudu, kuma kowace rana da launinsa. Yau shuɗi kamar ruwan baba, gobe ja, jibi kore shar, ga tururi yana tashi da sassafe, ga wari mai hawa ka. Yaran unguwa har musu suke yi da dare a kan launin da za a wayi gari da shi.

Mai karatu zai so ya san asalin wannan ruwa. A 1957 ne masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri, bisa haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa ta su Sardauna da kamfanin David Whitehead na yankin Lankasha a Ingila. Hikimar a fili take: ga auduga a Funtuwa da Malumfashi da Gusau, ga jirgin ƙasa, ga Kogin Kaduna, don me za a kwashe audugar zuwa Turai a dawo mana da akoko? Bayanta aka kafa UNTL a 1964 da jarin 'yan kasuwar Hongkong, ga kuma masaƙar Arewa da Japanawa suka sa hannu a cikinta. Ruwan wanki da na rini na waɗannan masaƙu shi ne ke bin lambatu, ya ratsa Kakuri da Makera, ya faɗa kogi. Kawuna yana cikin samarin ƙauyukanmu da suka ajiye fartanya suka tafi can a shekarun 1970. Duk sallah sai ya zo mana da turmin atamfa, a taru a tsakar gida ana shafawa.

Cikin hunturun 2023 wani aikin makaranta ya kai ni Kaduna. Ranar Asabar da ba mu da zama, sai na hau a-daidaita-sahu na sauka Kakuri, na ce bari in bi wannan lambatu da ƙafa in ga inda zai kai ni.

Na fara daga gindin katangar wata masaƙa, inda ƙaramar magudana ta kankare take fitowa. A bushe take ƙamas. Tumfafiya ta tsaga kankaren ta fito, ƙadangaru suna shan hantsi a kan bakin bututun da dā yake aman ruwan zafi. Na leƙa ta wata kafa: rufin kwano ya yaye, ciyawa ta kai ƙugu a filin da ma'aikata ke jera kekunansu. Abin da ya fi damuna shirun wurin. A da, in jiniya ta busa, titi cika yake maƙil da masu fita da masu shiga, ga masu kosai da koko, ga masu shayi, ga masu gyaran keke, kowa yana ci daga albashin ɗan masaƙa. Na durƙusa na kankare gefen magudanar da makulli. Ƙarƙashin ƙurar akwai sauran shuɗi-shuɗi da ya kama sumunti.

Can gaba, inda ta haɗu da babban lambatu, akwai ruwa, amma baƙi ne, na kwatamin gidaje, leda ta toshe rabinsa. A gefe wani dattijo yana ban-ruwa ga fangalin alayyafo da tsohuwar garwa. Na yi sallama muka gaisa.

"Baba, an daɗe a nan?"

"Ɗana, shekara ashirin da huɗu na yi ina tsaye a gaban injin saƙa a bayan waccan katanga. Kunnen nan na hagu can na baro shi. In za ka yi magana, zagayo dama."

Na zagaya. Ya ce lokacin da ruwan ke zuwa da launi, in ya taɓa shuka sai ta ƙone, masu lambu suna ta tsine wa masaƙa. "Yanzu ga shi ba ya ƙona komai," in ji shi, "mu ne muka zama masu lambun." Ya yi dariya, ni kuwa na kasa.

Ba na cikin masu cewa komai na da zinariya ne. Ruwan nan guba ne, kuma kogi aka riƙa ɗura wa shi shekara da shekaru. Bayan haka, mu da muka fito daga gidan marina muna da tamu ƙorafin. Kakana na wajen uba marini ne, kuma atamfar masaƙa mai araha tana cikin abin da ya kashe kasuwar saƙi, har karofin ƙauyenmu ya zama juji. Sai dai masaƙa ta karɓe sana'a ta bayar da albashi. Abin da ya kashe masaƙa kuwa bai bar wa kowa komai ba. An rushe hukumar cinikin auduga a 1986, manomi ya rasa mai ba shi iri mai kyau da tsayayyen farashi. Darajar naira ta faɗi, kayan gyaran inji suka gagara. Wutar lantarki ta zama sai an gani, baƙin mai ya yi tsada. A 1997 aka ɗage haramcin shigo da yadi, kayan Sin suka yi ambaliya. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta bi sahu a 2007, ko da yake an sake buɗe ta daga baya.

A nan ne fa abin ya shafe mu, mu na bakin iyaka. Lokacin da Bature Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar ana kai tufafin Kano har Tambutu da Tarabulus, kuma ɗaya daga hanyoyin ayari ta Daura ta bi zuwa Damagaram. Wannan hanya ce ta juya. Wanda duk ya zauna Mai'aduwa ko Kongolam a shekarun da masaƙu ke mutuwa ya ga dilolin atamfar waje suna shigowa daga Nijar, an kwaikwayi zanenmu har da tambarinmu. Matanmu suka saya don sauƙi, wa zai ga laifinsu? Kawuna ya dawo gida da akwatin ƙarfe guda da takardar alkawarin kuɗin sallama. Ya rasu takardar tana cikin aljihun 'yar-shararsa.

Wani abin mamaki, a can Lankasha, kusa da garin su Whitehead, akwai hanyar ruwa ta Rochdale da aka gama haƙawa a 1804 don jigilar auduga da kwal. An yi watsi da ita a 1952, ta cika da shara. Mutanen wurin suka kafa ƙungiya, suka yi ta fafutuka har aka yashe ta aka sake buɗewa a 2002, shekarar da aka garƙame KTL. Masaƙunsu ma sun mutu, amma sun rubuta labarin ma'aikatansu, sun mai da wasu gine-ginen gidajen tarihi. Mu fa, 'yan'uwa marubuta? Mun cika kasuwa da labarin ɗan Alhaji da 'yar talaka, alhali a kowace unguwa ta Daura da Zango da Ɓaure akwai tsohon ɗan masaƙa zaune a gindin bedi, da labarin da ya fi ƙarfin littafi guda, kuma kullum raguwa suke yi.

Ban kai bakin kogi ba. Bayan wata gada gidaje sun matse lambatun, babu wurin sa ƙafa, ga la'asar ta yi. Na koma wajen dattijon na sayi alayyafo ɗauri biyu, ya ƙara mini ɗaya gyara, ya ce in na sake zuwa in taho da takarda da alƙalami, yana da sunayen abokan aikinsa da yake so a rubuta.