Zumunta A Taya Take

Tun muna yara muke jin magabata suna cewa zumunta a ƙafa take. Ban taɓa tsayawa na yi wa maganar nan tunani ba sai da neman abinci ya kai ni wani ƙaramin gari a arewacin Ingila cikin shekarar 2022, lokacin da aka buɗe wa baƙi ƙofar aikin kula da tsofaffi. A nan na tarar zumuntarsu a taya take, kuma taya sai da wurin tsayawa.

Gidan da nake aiki yana da ɗaki 38 da wurin ajiye mota 11. Wata safiya na sauko daga aikin dare sai na ga an ɗaura takarda a jikin ƙarfen fitilar titi, ana sanar da jama'a cewa masu gidan suna neman izinin ƙara ɗaki 12, duk mai magana yana da kwana 21 ya rubuta wa ƙaramar hukuma. Maƙwabta kuwa suka rubuta, kuma kusan kukansu ɗaya ne: motocinmu sun riga sun cinye musu bakin ƙofa.

Ya kamata mai karatu ya san yadda abin yake a ƙasar nan. Wata doka ta 1987 ta kasa gine-gine aji-aji gwargwadon amfaninsu. Gidan zama na kowa da kowa yana ajin C3, gidan kula da tsofaffi irin namu yana ajin C2. A 2001 gwamnati ta umurci ƙananan hukumomi su sa iyakar da ba a wucewa wajen yawan wuraren fakin, don a rage dogaro da mota. A 2011 aka janye wannan iyaka ga gidajen zama, aka bar wa kowace hukuma ta auna da kanta. To, awon nan galibi da gadaje da yawan ma'aikata ake yin sa, alhali masu kwanciya a kan gadajen nan sun daɗe da ajiye makullin mota.

Jami'in tsara gine-gine ya ba da shawarar a amince, amma da sharaɗin a ƙara wuri shida. Kowane wuri faɗin mita 2.4 ne da tsawon mita 4.8, ban da hanyar juyawa. Filin da ya rage mana kuwa shi ne lambun bayan gida, inda akwai bishiyar tuffa da benci biyu. A ƙarƙashinta wani dattijo, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, yake yini idan rana ta fito. Ya manta sunayen 'ya'yansa, amma bai taɓa ɓata hanyar bencin nan ba.

Da zancen ya tsaya nan, da na ce a bar lambu kawai. Sai dai akwai wata tsohuwa da nake yi wa wanka, wadda 'yarta ke tuƙin awa biyu duk Lahadi don ta gan ta. Sau da yawa ina hango matar ta taga tana zagaye unguwa, uwar kuma tana zaune da rigarta ta kwalliya tana tambayata ƙarfe nawa. Ran nan ta gaji ta tsaya a kan layi mai ruwan ɗorawa, aka rubuta mata tara. Daga nan zuwanta ya koma mako biyu-biyu. Ba ta ce don fakin ba ne, ni ma ban tambaya ba.

Na kira gida na ba Inna labari. Ta yi shiru, sannan ta ce, "'Yar nan, mutum ya zo gaida uwarsa sai an yi masa awon wurin tsayuwa?" Na ce, "Inna, nan ko kuka sai an nemi izini." Muka yi dariya, amma maganarta ta kwana a raina.

Manajar gidan ta roƙe ni in yi magana a zaman kwamiti a madadin ma'aikata. Minti uku aka ba ni. Da ƙafafuna suna rawa na gaya wa kansiloli abin da idona ya gani. Da tsakar rana rabin filinmu fanko ne. Cunkoso yana zuwa ne ƙarfe takwas na safe da takwas na dare, lokacin da masu sauka ba su tafi ba, masu karɓa kuma sun iso, sai kuma Lahadi da yamma, ranar baƙi. Na ce abin da ba ma iya rasawa shi ne bakin ƙofa a buɗe ga motar asibiti, da wuri mai faɗi da za a sauke keken mara lafiya. Na roƙe su su ƙirga awoyi kamar yadda suka ƙirga gadaje, su kuma duba filin cocin da ke kusa, wanda ke zama wayam da zarar an tashi daga addu'ar safe.

Suka amince da ginin, suka rage sharaɗin zuwa wuri uku, tare da cewa a nemi yarjejeniya da cocin. Rabin lambu ya tafi. Bishiyar ta tsira, an dai matsar da bencin, kuma sai da dattijon nan ya yi kusan wata guda yana tsayawa a inda yake a da, yana kallon kwalta.

'Yan'uwana marubuta, mun saba neman labari a soyayya da sarauta. Ni kam a jikin ƙarfen fitila na tsinci nawa, a takardar da ruwan sama ya jiƙa, wadda na kusa wucewa ban karanta ba. Allah ya sa mu gama da iyayenmu lafiya, ya kuma ba mu masu zuwa duba mu ranar da ƙarfi ya ƙare.