Kwana Biyu A Gindin Dutsen Besubiyo Mai Aman Wuta

A kudancin ƙasar Italiya, daf da gaɓar Bahar Rum, akwai wani dutse da ake kira Besubiyo, wanda tsawonsa ya kai mita 1,281, watau fiye da ƙafa 4,000. Duk wanda ya hango shi daga birnin Nafoli ba zai ga abin tsoro a jikinsa ba, domin gonaki da gidaje sun kewaye shi ta kowace kusurwa. Amma kuwa in aka ɗebe tsibirai, shi kaɗai ne dutsen da ya yi aman wuta a nahiyar Turai cikin shekaru ɗari da suka wuce, ga shi kuma mutane wajen 700,000 suna zaune a yankin da hukuma ta shata da jan layi, ta ce shi ne mafi haɗari.

Wannan dutse ne wata ƙungiyar ɗalibai ta tafi gani a wani ƙarshen mako na watan Oktoba. Su kamar ashirin ne, daga Nijeriya da Kamaru da Sudan da wasu ƙasashen Asiya, dukansu suna koyon Italiyanci a Jami'ar Baƙi ta birnin Feruja kafin kowa ya wuce inda zai yi karatunsa na ainihi. Ranar Jumma'a bayan an tashi daga aji suka shiga jirgin ƙasa tare da malaminsu, suka sake wani a Roma, ba su sauka Nafoli ba sai bayan lisha.

Da gari ya waye ranar Asabar suka shiga ƙaramin jirgin ƙasa mai zagaya gindin dutsen, suka sauka a garin Erkolano. Daga nan bas ya kwashe su, ya yi ta lanƙwasa a kan hanya mai hawa, yana ratsa gonakin inabi da na tumatir, har ya tsaya a wani fili da ke mita 1,000 sama da teku. Sauran tafiyar ta ƙafa ce, kimanin rabin sa'a, a kan tsakuwa mai launin toka da ja wadda ke zamewa ƙarƙashin takalmi. Waɗanda suka raina shawarar ɗauko rigar sanyi sun ji a jikinsu, gama iskar kan dutsen ba ta da sauƙi.

Bakin dutsen wani gawurtaccen rami ne mai zurfin mita 300 ko sama da haka. Wasu ɗaliban sun zaci za su tarar da wuta tana ci balbal, sai suka iske ramin shiru, babu komai sai ɗan tururi da ke fita daga tsagogin bango, da warin farar wuta jefi-jefi. Har wani ya yi gunaguni cewa an ba su wahala a banza. Malamin ya bayyana musu cewa shirun nan shi ne abin da ke hana masana barci. Ɓawon ƙasa da ke ɗauke da Afirka yana kutsawa a hankali ƙarƙashin na Turai, duwatsun can ƙasa su narke, su cakuɗe da iska mai ƙarfi. Narkakken dutsen Besubiyo kuwa yakan yi kauri kamar talge, iska ba ta samun mafita da sauƙi. In bakin ya toshe shekaru masu yawa, sai ƙarfin ya yi ta taruwa kamar tukunyar da aka danne murfinta, ranar da ta ɓalle kuma sai yadda hali ya yi.

Aman ƙarshe da dutsen ya yi shi ne na watan Maris 1944, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Narkakken dutse ya malalo ya cinye yawancin garin San Sebastiyano, toka kuma ta lalata jiragen yaƙin Amurka wajen 80 da ke ajiye a wani fili kusa. Kafin wannan, na shekarar 1906 ya kashe mutum fiye da 100, na 1631 kuwa ya hallaka fiye da 3,000. Saboda haka ne tun 1841 Sarki Fadinand na Biyu ya sa aka gina gidan duba halin dutsen a kafaɗarsa, kuma shi ne irinsa na farko a duniya.

Daga bisa dutsen ɗaliban sun ga Nafoli a shimfiɗe, da tsibirin Kafiri can cikin teku. Malamin ya nuna musu yammacin birnin, inda ake kira Kamfi Filegirei, watau filaye masu ƙuna. Nan ma wuta ce a ƙarƙashin ƙasa, ko da yake babu wani dogon dutse da zai nuna haka. A 1538 wani sabon tudu ya tsiro a wurin cikin mako guda. Tsakanin 1982 da 1984 ƙasar garin Fotsuwoli ta kumbura da kusan mita 2, har aka kwashe dubban mutane daga gidajensu, sa'an nan a 2024 da 2025 girgizar ƙasa ta sake firgita mazaunan.

Da la'asar suka gangaro kangon tsohon Erkolano, wanda aman shekara ta 79 Miladiyya ya binne ƙarƙashin toka da ta daskare mai kaurin mita 20. An fara tono shi a 1738. Da yake ba a sami gawawwaki da yawa ba, an daɗe ana zaton mutanen garin sun tsira. Sai cikin shekarun 1980 aka fara buɗe rumfunan ajiye kwale-kwale na tsohuwar gaɓar teku, aka iske ƙasusuwan mutum wajen 300, maza da mata da yara, waɗanda suka taru suna jiran jirgin da zai cece su. Guguwar toka da iska mai tsananin zafi, wadda ko doki ba zai tsere mata ba, ita ta riske su a nan. Ɗaliban da suka yini suna raha duk sai jikinsu ya yi sanyi.

Ranar Lahadi aka ware wa Fomfeyi, birnin da ya fi shahara cikin waɗanda aman ya binne. Faɗinsa ya kai hekta 66, an kuwa tono kashi biyu cikin uku tun da aka soma aikin a 1748. Mutum yana tafiya a kan titunan dutse yana ganin sawun da ƙafafun amalanke suka ƙwaƙule, da manyan duwatsun da aka jera don masu tsallaka titi kada su taka ƙazanta. Ga kasuwa, ga gidajen wanka, ga shagunan abinci da tukwanensu a binne cikin kanta, ga dandalin wasa mai cin mutum 20,000. A wani gidan burodi an sami burodi 81 a cikin tanda, sun ƙone sun zama gawayi.

Labarin ranar ya iso ga mutanen yanzu ta hannun wani saurayi ɗan shekara 17, Filini Ƙarami, wanda ya ga abin daga ƙetaren ruwa, daga baya ya rubuta wa masanin tarihi Tasitus wasiƙu biyu. Kawunsa, Filini Babba, shugaban jiragen ruwan yaƙi na yankin, ya tafi ceton mutane, ajali ya cim masa a bakin teku. Abin lura kuwa shi ne, dutsen bai zo ba sallama ba. A shekara ta 62 girgizar ƙasa ta rushe gidaje da yawa a Fomfeyi, wasu ma ba a gama gyaransu ba aman ya zo, amma mutanen ba su san cewa girgizar da dutsen uwarsu ɗaya ba.

Abin da ya fi taɓa zukatan ɗaliban shi ne siffofin mamatan. Toka ta daskare a kan gawawwaki, jiki ya ruɓe ya bar rami. A 1863 shugaban masu tono, Jusefe Fiyorelli, ya yi dabarar ɗura kwaɓin farar ƙasa, irin wadda ake ɗaure karaya da ita a asibiti, cikin ramukan. Da ta bushe aka share tokar, sai ga mutum yadda mutuwa ta same shi: wannan ya rufe fuska da hannu, wancan ya dunƙule, ga kare da ƙulli a wuyansa.

A jirgin komawa gardama ta kaure a kan dalilin da ya sa mutane suke zaune a irin wannan wuri. Wasu suka ce ganganci ne. Wasu suka ce tokar da ke kashewa ita ce takin da ya sa ƙasar ta fi kowace albarka, kuma ba a raba manomi da gonar kakansa da baki. Malamin ya tuna musu cewa a 2003 hukumar jihar ta yi tayin Yuro 30,000 ga iyalin da ya yarda ya tashi, amma kaɗan ne ƙwarai suka karɓa. Wani ɗalibi ɗan Kamaru ya kawo zancen tafkin Niyos na ƙasarsu, wanda ke cikin bakin tsohon dutse mai aman wuta. A daren 21 ga Agusta 1986 iska mai shaƙewa ta taso daga tafkin, ta kashe mutum fiye da 1,700 da dubban shanu, alhali babu wata na'ura da ke gadinsa. Sai a 2001 aka kafa bututun rage iskar. Ɗan Nijeriya kuma ya ce tuddan Biu da wasu na Filato tsofaffin duwatsun wuta ne da suka daɗe da yin shiru, tafkin Tila ma a bakin ɗaya daga cikinsu yake.

Bambancin mutanen Fomfeyi da na yau shi ne, na yau sun san maƙwabcinsu. Dare da rana na'urori suna auna motsin ƙasa da zafin tururi. Hukuma ta tsara cewa in alamu suka bayyana, za a kwashe ƙananan hukumomi 25 na cikin jan layi a sa'o'i 72, kowace kuma an riga an haɗa ta da wata jihar Italiya da za ta sauke mutanenta. Ko tsarin zai yi aiki a kan waɗannan ƙuntatattun tituna, wannan sai ranar ta zo. Jihar Umbiriya, inda ɗaliban suka sauka da tsakar daren Lahadi don shirin darasin Litinin, ita ma tana cikin masu jiran baƙin.